Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Tarihin Wata Ƙwayar Gado Da Ciwon Huhu

Masu iya magana sun ce hangen Dala ba shiga birni ba. Falken da ya kwana bakwai a hanya da jakunansa, in ya hango dutsen nan ya yi tsiri daga nesa, sai zuciyarsa ta raya masa ai ya iso, alhali kuwa da sauran tafiya a gabansa, ga ganuwa, ga kuma Sarkin Ƙofa wanda ba ya buɗewa in dare ya yi. A fagen ilmin kimiyya da wuya a sami labarin da ya gaskata wannan karin magana kamar labarin wata ƙwayar gado mai jawo mugun ciwon huhu. An gano ta a shekarar 1989, jaridun duniya suka yi ta yayatawa cewa magani ya kusa. Amma maganin da ya amfani mafi yawan majinyatan bai fito ba sai a shekarar 2019. Abin da ya cinye shekaru 30 ɗin nan shi ne neman amsar tambaya guda ɗaya, watau wane aiki ne wannan ƙwaya take yi a jikin ɗan Adam?

Ciwon Da Gishirinsa

Sunan ciwon Sistik Faibrosis. Ya fi yawa a tsakanin Turawa, musamman waɗanda asalinsu daga arewacin Turai ne, inda cikin jarirai 2,500 zuwa 3,500 akan sami guda mai shi. Yadda ake gadonsa ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san ciwon sikila. Uba yana ɗauke da gurɓatacciyar ƙwaya guda, uwa ma haka, dukansu lafiyarsu ƙalau, amma duk cikin da matar ta ɗauka akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu ɗan ya haɗa biyun. Cikin Turawan arewa kusan mutum ɗaya cikin 25 yana ɗauke da ita bai sani ba.

Kafin a fahimci ɓarnar da ciwon ke yi sai an san yadda lafiyayyen huhu ke tsabtace kansa. Hanyoyin iska na huhu suna da siririyar shimfiɗa ta majina wadda ke kama ƙura da ƙwayoyin cuta. A ƙarƙashinta akwai ɗan ruwa, cikin ruwan kuma akwai wasu ƙananan gashi da ido ba ya gani, suna kaɗawa dare da rana suna tura majinar sama zuwa maƙogwaro, mutum ya haɗiye ta bai ma lura ba. A huhun mai wannan ciwo kuwa majinar takan yi kauri da danƙo, gashin nan ya kasa motsa ta, ƙwayoyin cuta su sami mazauni su yi kaka-gida. Jiki ya aiko da dakarunsa su yi yaƙi, yaƙin kuma ba ya ƙarewa, har filin dagan, watau huhun kansa, ya lalace. Yaro ya yi ta fama da tari da kaki da zazzaɓi, ga rama, domin majinar takan toshe har gaɓar nan da ke bayan tumbi mai zubo ruwan narkar da abinci, wadda ake kira fankiriyas. A shekarun 1950 galibin yaran ba sa kai shekarun shiga makaranta.

Wadda ta fara bayyana ciwon a matsayin cuta mai cin gashin kanta wata likita ce mai binciken gawa a asibitin yara na birnin Niu Yok, mai suna Dorothy Andersen, a shekarar 1938. Tabo da ƙulle-ƙullen da ta gani a fankiriyas ɗin yaran su ne suka sa ta raɗa masa sunan da yake amsawa har yau, ko da yake huhu ne ke kashe mafi yawansu. A 1946 ita da wani abokin aikinta suka nuna cewa gadonsa ake yi daga iyaye biyu.

Tun kafin likitoci, tsofaffin matan Turai sun riga sun lura da wani abu. A camfinsu, jaririn da aka sumbaci goshinsa aka ji gishiri-gishiri, an yi masa maita ne, kuma ba zai daɗe ba. Ɗalibin al'ada ba zai yi mamakin wannan ba, domin sau da yawa camfi yakan taso ne daga kyakkyawan lura, sai dai bayanin ne ke kaucewa. A shekarar 1948 aka yi wani matsanancin zafi a Niu Yok, aka yi ta kawo yara asibiti sun galabaita, sai wani likita, Paul di Sant'Agnese, ya lura cewa masu wannan ciwo sun yi yawa cikinsu fiye da ƙima. Ya bi diddigi, a 1953 ya tabbatar da cewa guminsu ya fi na sauran mutane gishiri ninki-ba-ninki. Daga nan aka sami gwajin gumi, wanda aka daidaita shi a 1959, kuma shi ne har gobe babbar hanyar tabbatar da ciwon. To amma mene ne haɗin gishirin gumi da majinar huhu? Wannan ya ɗauki wasu shekaru 30 bai warwaru ba.

Mutumin da ya warware shi, Paul Quinton, shi kansa majinyacin ciwon ne. Yana ɗalibin jami'a ya yi ta karance-karance a kan tarin da ya dame shi, har ya zargi abin da ke damunsa kafin likita ya tabbatar masa. Da ya zama masanin aikin gaɓoɓi a Kalifoniya sai ya duƙufa a kan mazubar gumi. Yakan yanki ɗan fata, har da tasa, ya zare siririn bututun gumi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ɗura masa ruwan gishiri, ya auna ƙarfin lantarkin da ke tsakanin cikinsa da wajensa. Gishiri sinadari biyu ne a haɗe, sodiyum da kulorayid. Shi gumi yakan taso da gishiri daga tushensa, amma yayin da yake hawowa ta bututun sai jiki ya riƙa tsotse gishirin yana mai da shi, don kada a yi asara. A 1983 Quinton ya nuna cewa a jikin masu ciwon kulorayid ba ya iya ratsa bangon bututun, saboda haka gishirin duka ya fito bisa fata. A daidai wannan lokaci Michael Knowles da Richard Boucher na Jami'ar Karolina ta Arewa suka sami irin wannan tangarɗa a cikin hanci da hanyoyin iska. Ashe matsala ɗaya ce. A fata kulorayid ya kasa shiga, a huhu kuma ya kasa fita, ruwa kuwa gishiri yake bi, in gishiri bai fita ba ruwa ba zai fita ba, sai majina ta bushe.

Abin lura shi ne, duk wannan an san shi kafin kowa ya ga ƙwayar gadon da idonsa.

Shekarar 1989

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ɗakuna waɗanda ake kira sel. Kalmar ita ce dai wadda Bahaushe ya ara yake kiran ɗakin tsare mai laifi da ita a ofishin 'yan sanda, domin Baturen da ya fara ganin su a madubi, Robert Hooke, a 1665, kama da 'yan ɗakuna suka yi masa. A tsakiyar kowane sel akwai kundin gado, wanda aka rubuta da haruffa huɗu kacal, aka ɗaure shi cikin ƙunshi 23 bibbiyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, ana kiransu kuromosom. Haruffan sun kai miliyan dubu uku. Ƙwayar gado wani yanki ne na wannan rubutu mai ɗauke da umarnin ƙera furotin guda, kowane haruffa uku kuma suna nufin ɗan dutse guda a cikin carbin da ake kira furotin.

A 1985 aka gane cewa ƙwayar da ake nema tana kan kuromosom na 7. Wannan kamar a ce wa mai cigiya mutumin da yake nema yana ƙasar Kano ne, ba gari ba unguwa. Lap-Chee Tsui da John Riordan na asibitin yara na Toronto a Kanada, tare da Francis Collins na Jami'ar Mishigan, suka shafe shekara huɗu suna bin zaren rubutun taki-taki, wani lokaci da tsalle. Ba banza ba kuma, sel ɗin mazubar gumi da Riordan ya rena a ɗakin gwajinsa su ne suka taimaka wajen kama bakin zaren. A watan Satumba na 1989 suka buga sakamakonsu a mujallar Science. Furotin ɗin yana da 'ya'yan carbi 1,480. A cikin kusan kashi 70 bisa ɗari na gurɓatattun ƙwayoyin da suka duba, haruffa uku ne rak suka ɓace, watau ɗan carbi guda, na 508 a jeri. Wanda ya san tazarar da ke tsakanin kafa da ƙafa, ko bari da ɓari, ba zai raina abin da ɗan lanƙwasa guda zai iya yi wa ma'ana ba.

Sunan da suka ba wa ƙwayar ya cancanci a tsaya a kansa. Sun kira ta CFTR, haruffan farko na wani dogon suna mai nufin mai daidaita ratsawar sinadarai ta tantanin sel. Me ya sa suka ce mai daidaitawa, ba su ce ƙofa ba? Domin ba su sani ba. Siffar furotin ɗin ba ta yi kama da ta ƙofofin gishiri da aka sani a lokacin ba, ta fi kama da ta wasu furotin masu aikin famfo. Ko shi ne ƙofar da kulorayid ke bi, ko kuwa shi mai gadi ne kawai da ke ba wata ƙofa umarni, babu mai iya rantsewa. Sai suka zaɓi suna mai faɗi wanda ba zai kunyata su ba ko ta ina gaskiya ta ɓullo. Wannan kamun kai abin yabo ne, kuma ya sha bamban ƙwarai da irin ɗokin da aka yi a wajen ɗakunan gwaji, inda iyaye da 'yan jarida, har da wasu masanan, suka ɗauka nan da 'yan shekaru kaɗan an gama.

Tambayar Ƙofa Da Mai Gadi

Yaya ake sanin aikin abin da ido ba ya gani? Hanyoyin kaɗan ne, kuma ba su fi ƙarfin hankalin kowa ba. Ko dai a sa abin inda babu shi a ga me zai ƙaru, ko a cire shi inda yake a ga me zai ɓaci, ko kuwa a jirkita wani sashe nasa a ga me zai sāke. Wahalar tana wajen aikatawa.

A 1990 ƙungiyoyi biyu, ɗaya ta Michael Welsh a Jami'ar Ayowa, ɗaya ta Collins da abokansa, suka ɗauki sel na majinyata da aka rena a faranti, suka cusa musu lafiyayyar ƙwayar, sai kulorayid ya fara ratsawa. Wannan ya tabbatar da cewa ba a kama marar laifi ba, amma bai raba gardamar ƙofa da mai gadi ba. A 1991 mutanen Welsh suka yi wata dabara. Kowace ƙofar gishiri tana da irin baƙin da ta fi so, akwai wanda take bari ya wuce da sauƙi, akwai wanda take tsaurarawa. Sai suka sauya wasu 'ya'yan carbi a sashen furotin ɗin da ke cikin tantanin sel, suka ga zaɓin ƙofar ya sauya, wanda a da yake shan wuya ya koma wucewa a sauƙaƙe. In da mai gadi ne kawai, taɓa shi ba zai sauya faɗin ƙofar ba. Shekara guda bayan haka, a 1992, Christine Bear a Toronto ta tace furotin ɗin shi kaɗai tsantsa, ta dasa shi a wani tantanin maiƙo da aka haɗa a ɗakin gwaji, inda babu wani furotin ko guda, kulorayid kuma ya ratsa. Magana ta ƙare, shi ne ƙofar.

Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko amfani ga majinyaci, watau me ɓacewar ɗan carbi na 508 ke yi wa ƙofar? Kowa zai zaci toshe ta yake yi. A 1990 Seng Cheng da Alan Smith suka nuna ba haka ba ne. Furotin ba ya aiki a miƙe, sai ya naɗe kansa bisa wata siffa, kamar yadda turmin yadi ba ya zama rawani sai an naɗa. Rashin ɗan carbin nan yakan sa naɗin ya karkace. Shi kuwa sel yana da masu duba aiki, irin ma'aunan da ke mai da buhun gyaɗar da bai cika ba, su ne ke tsare furotin ɗin tun a maƙera su ragargaza shi. Saboda haka ƙofar ba ta ma isa bango balle a yi zancen buɗewa.

A 1992 aka yi wani ɗan gwaji a Ayowa wanda ba shi da tsada ko kaɗan, amma shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. Zafin jikin mutum maki 37 ne. Sai aka rena sel masu wannan naƙasa a zafin da bai kai maki 30 ba, aka ga wani kaso na furotin ɗin ya naɗu, ya tsallake masu duba aiki, ya isa bango, har ya yi ɗan aiki. Ba za a iya sanyaya huhun mutum ba, wannan gaskiya ne. Amma in sanyi zai iya gyara naɗin, to ba abin mamaki ba ne a sami wani sinadari da zai yi aikin sanyin. A 1993 Welsh da Smith suka karkasa naƙasun gida huɗu: akwai inda ba a ƙera ƙofar sam, akwai inda aka ƙera ta ba ta isa bango ba, akwai inda ta isa amma ta ƙi buɗewa, akwai kuma inda take buɗewa amma ta yi ƙunci. Yau an san sauye-sauye fiye da 2,000 a wannan ƙwaya guda, ko da yake ba dukansu ke jawo ciwo ba. Abin da ake kira ciwo ɗaya ya tashi daga nan ya zama ciwuka masu kama da juna a fuska, kowane da irin gyaran da yake bukata.

Ɓera Ya Ƙi, Alade Ya Yarda

Ana cikin haka aka gwada gajerar hanya. Tun da an gyara sel a faranti, me zai hana a gyara su a huhu? A 1993 aka fara ɗora lafiyayyar ƙwayar a kan wani nau'in ƙwayar mura da aka raunana, ana sa wa majinyata a hanci da huhu. Abin bai yi albarka ba. Huhu gaɓa ce da aka halitta don korar baƙo, ba ta kuma san baƙon alheri da na sharri ba. Jiki ya tasam ma ƙwayar murar da kumburi, ɗan gyaran da aka samu kuma bai wuce 'yan kwanaki ko makonni ba.

Ɓeraye ma sun ba da kunya. A 1992 aka samar da ɓeran da aka kashe wa wannan ƙwaya a Karolina ta Arewa, ana sa ran a ga ciwon huhu tun daga tsirowarsa. Hanjinsu ya toshe, da yawa suka mutu saboda haka, amma huhunsu bai kamu da irin ciwon mutum ba. Wannan ya bar wata tsohuwar gardama a buɗe. Likitoci sun daɗe suna ganin huhun jarirai masu ciwon da kumburi da ƙwayoyin cuta tare, suna jayayya a kan wanne ya riga wanne. Ba gardamar shan iska ba ce, domin amsarta ita za ta nuna ko kumburi za a fara yaƙa ko ƙwayoyin. Kuma ba mai hankalin da zai yanka huhun jariri sabon haihuwa don ya duba.

Sai a 2008 masanan Ayowa da na Jami'ar Mizuri suka samar da aladu masu ciwon, bayan wahalar shekaru. Sun zaɓi alade ne domin huhunsa ya yi kusa da na mutum a girma da tsari. Duk 'yan aladun an haife su da toshewar hanji, har sai an yi musu tiyata kafin su rayu, alhali a jariran mutane kusan kashi 15 bisa ɗari ne ke zuwa da haka. A 2010 aka ba da rahoton cewa a ranar haihuwa huhunsu ba kumburi, amma in an sa musu ƙwayoyin cuta ba sa iya kashe su kamar lafiyayyun 'yan'uwansu, cikin 'yan watanni kuma ciwon huhu ya bayyana. Ƙwayoyin cuta su ne kan gaba ke nan. A 2012 aka gano ɗaya daga cikin dalilan. Ƙofar nan ba kulorayid kaɗai take fitarwa ba, har da wani sinadari ɗan'uwan kanwa, wanda aikinsa kashe tsami. Duk wadda ta taɓa jefa kanwa a miyar yakuwa ta san wannan aiki. In ƙofar ba ta nan sai ruwan da ke shimfiɗe a hanyoyin iska ya yi tsami, makaman da jiki ya ajiye a cikinsa don kashe ƙwayoyin cuta kuwa ba sa ci a cikin tsami. A 2016 aka komo kan ɓera aka biya shi bashinsa: an gano cewa hanyoyin iskarsa ba su da wani famfo mai zuba tsami wanda mutum da alade suke da shi, shi ya sa rashin ƙofar bai dame shi sosai ba. Ƙin kamuwar da ya yi, wadda ta ɓata wa masana rai shekara da shekaru, ita ma darasi ce da ba a iya karanta ta ba a lokacin.

Magani

Sanin wurin bugu shi ne ƙira. Da aka san cewa matsalar naɗi ce da ta buɗewa, sai ƙungiyar iyaye da majinyata ta Amurka, wadda aka kafa tun 1955, ta yi abin da ba a saba gani ba. Manyan kamfanonin magani ba su da sha'awar ciwon da masu shi kaɗan ne, saboda haka ƙungiyar ta zuba kuɗinta, dala miliyan 40 a shekarar 2000, a wani ƙaramin kamfani mai suna Aurora, wanda kamfanin Vertex ya saye a 2001. Aikinsu na haƙuri ne tsantsa. Sukan jera sel a dubban 'yan ramuka, su ɗiga wa kowane rami sinadari daban, na'ura ta duba inda ƙofar ta motsa. Sun gwada sinadarai fiye da 200,000 kafin su sami tushen maganin farko. Waɗanda suka yi alamar kirki sai a sake gwada su a kan sel na ainihi da aka samo daga ruɓaɓɓen huhun majinyatan da aka yi wa dashen sabo, a auna su da wata na'ura da wani masani ɗan ƙasar Denmak, Hans Ussing, ya ƙirƙiro wajen 1950 don nazarin fatar kwaɗo. Lalle lokacin da yake fama da kwaɗinsa bai san wa yake yi wa aiki ba.

A watan Janairu na 2012 aka amince da maganin Kalydeco, wanda ke tokare ƙofar da ta isa bango ta ƙi buɗewa. Ya yi aiki ƙwarai, amma masu irin wannan naƙasa kusan kashi 4 bisa ɗari ne na majinyata. Naƙasar 508 ta fi taurin kai, domin naɗin ya karkace a wuri fiye da ɗaya. Sai da aka haɗa sinadari uku, biyu masu gyara naɗi ɗaya mai tokare ƙofa, aka sami Trikafta a watan Oktoba na 2019. A babban gwajin da aka yi da mutum 403, ƙarfin numfashin waɗanda suka sha ya ƙaru da maki kusan 14, tashin ciwon ya ragu da kashi 63 bisa ɗari, gishirin guminsu kuma ya sauka ƙwarai. Alamar da tsofaffin mata suka ɗanɗana a goshin jarirai ita ce ta zama ma'aunin da ya shaida cewa ƙofar ta buɗe. A Amurka yaron da aka haifa da ciwon a 'yan shekarun nan ana ƙiyasta masa rayuwar da ta haura shekara 50.

Waɗanda Ke Bayan Ganuwa

Sai dai ba kowa ne ya shiga birnin ba. Farashin da aka sa wa Trikafta a Amurka a 2019 ya haura dala 300,000 a shekara ga mutum guda, magani ne kuma na sha har iyakar rai. Kamfanin yana da hujjarsa ta kuɗin bincike, amma yana da wuya a manta cewa iyaye ne suka tara kuɗin farko, jami'o'i suka yi aikin gano ƙofar da kuɗin jama'a, majinyata kuma suka ba da fatarsu da huhunsu.

Ko an kau da zancen kuɗi akwai wani shinge. Magungunan nan gyara suke yi, mai gyara kuwa sai ya sami abin gyarawa. Wanda naƙasarsa ta gidan farko ce, inda ba a ƙera ƙofar sam, ba abin da za su yi masa. A nan ne labarin ya taɓo Afirka. An daɗe ana koyar da cewa ciwon na Turawa ne, amma an same shi a tsakanin baƙar fata a Afirka ta Kudu da Amurka da wasu wurare, kuma ɗaya daga cikin naƙasun da aka fi samu a cikinsu, wadda ake kira 3120+1G>A, tana cikin irin waɗanda ke hana a sami ƙofa mai amfani. Wani nazari da aka buga a Amurka a 2021 ya nuna cewa kusan kashi 92 bisa ɗari na majinyata farar fata sun dace da waɗannan magunguna, baƙar fata kuwa kusan kashi 70. Domin masu naƙasun da ba a saba gani ba, masana a birnin Utrecht na ƙasar Holan sun fito da wata hanya a 2013, inda akan ɗebi ɗan tsokar hanjin majinyaci a rena ta ta zama 'yan ƙulle-ƙulle masu rami a ciki, a zuba musu magani, in sun kumbura da ruwa an san ƙofar mutumin ta amsa. Ta haka aka sami wasu da jerin sunayen naƙasu bai ambace su ba suka sami magani.

Mai karatu a Nijeriya, inda kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da ƙwayar sikila, ya san irin wannan jira ta wata fuskar. Tun a 1956 Vernon Ingram ya gano cewa ɗan carbi guda ne ya sauya a furotin ɗin jinin masu sikila, amma Amurka ba ta amince da maganin farko na rage tashin ciwon ba sai a 1998, gyaran ƙwayar gadon kanta kuma sai a ƙarshen 2023, a kan farashin da ya haura dala miliyan biyu. Shi kuwa Sistik Faibrosis, a yawancin ƙasashen Afirka matakin farko ma, watau gwajin gumin nan na 1959, ba ya samuwa sai a asibitoci ƙalilan. Alamun ciwon su ne tari marar jin magani da rama da zawo mai maiƙo, waɗanda duk likitan yara a wannan nahiya yake gani kullum, saboda haka yaron da ya zo da su sau da yawa akan ɗora shi ne a kan maganin tarin fuka ko na tamowa.